Dabara Ma Dukiya Ce

A zangon karatun da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, ni an tura ni wata makarantar firamare da ke Agege, kusa da Zango inda Hausawa su ke zaune. Wata rana na sa 'yan aji biyar kowa ya zana taswirar hanyar da ya ke bi daga gida zuwa makaranta. Ina cikin zagawa sai na ji hayaniya a bayan aji. Na tarar da yara biyu sun cakumi rigar juna, ɗaya yana kuka yana cewa, "Malam, ya yi mini sata!" Na ce, "Me ya sata?" Ya ce, "Taswirata." Na duba, ga taswirarsa a hannunsa, ko yagewa ba ta yi ba. Wanda a ke ƙara kuwa ya ce, "Malam, ai ga abarsa nan. Ni kallo kawai na yi, na zana tawa da fensirina a takardata." Da na gwama takardun biyu sai na ga bai bar kome ba, har gidan su wancan ya zana ya ce nasu ne, alhali kuwa su a ƙetaren hanyar jirgi su ke.

Na raba su, amma maganar ba ta rabu da ni ba. In an sace maka akuya, kowa ya dubi turke ya san an yi sata. To, in an kwaikwayi abin da ka ƙago da hankalinka fa, ga naka a hannunka, ga na wani a hannunsa, me aka raba ka da shi? Yaron nan mai kuka ya san an cuce shi, ko da ya ke bai iya faɗin yadda aka yi ba. Wannan tambaya ta 'yan aji biyar ita ce manyan alƙalai na duniya su ke ta fama da ita fiye da shekara 500. Na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai, tun da ya ke mu ne za a danƙa wa yaran da za su ƙago abubuwan gobe.

Yadda dabarar wasu ta gina Agege

Mu fara da wurin da mu ka sani. Zaman Hausawa da yawa a Agege dabarar wani mutum ce ta jawo shi, mutumin kuwa bai taɓa jin sunan Agege ba. Dā can fatake su kan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna, su nufi Gwanja, a cikin ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goro a kasuwar Salaga. Zuwa da komowa ya kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga goro mai son lele kamar jariri. A cikin 1825 George Stephenson ya ja jirgin ƙasa da tururi tsakanin Stockton da Darlington a Ingila. Sannu a hankali dabarar ta bazu har ta iso mu. Hanyar jirgi ta tashi daga Ikko, ta ratsa Agege, ta kai Ibadan a 1901, ta kai Kano a 1911. Manoman Agege da kewaye, waɗanda su ka kafa jam'iyyarsu ta masu gandu a 1907 da J. K. Coker a kan gaba, su ka dasa koko, su ka kuma dasa goro irin na Gwanja, wanda har yau Yarabawa ke kira gbanja. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Sai 'yan goro su ka sauko su ka yi zango kusa da tasha, masu shanu su ka biyo, malamai da wanzamai da mahauta su ka biyo bayansu.

Ku dubi kuma burodin da mu ke karyawa da shi wurin mai shayi. A 1913 wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, ya zo Ikko aikin reluwe. A 1921 ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta, ya kuma kawo wani inji mai murza ƙullun fulawa tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa. Murzar nan ce ke sa burodi ya yi laushi da danƙo, ya riƙa jawuwa in an yage shi. Masu gidajen burodi su ka koyi wannan hanya, na Agege su ka yi fice da ita, har burodin ya ɗauki sunan garin.

Haka keken ɗinkin tela, haka injin niƙa da ya hutar da iyayenmu mata surfe da daka, haka wayar hannu wadda tun daga 2001 ta sa mai goro ke jin farashin Kano yana zaune a Agege. Kowane ɗayansu akwai wanda ya hana idonsa barci kafin a same shi. To, in da kowa ya san cewa ran da ya gama wahala wani zai zo ya kwashe, watau kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, mutum nawa za su yarda su yi wahalar? Dalilin da ya sa aka yi wa dabara shinge ke nan, kamar yadda manomi ke shinge gonarsa. Shingen kuwa iri huɗu ne.

Shinge na fari: asiri

Wannan shi ne mafi tsufa, kakanninmu kuma sun san shi sarai. Maƙeri ba ya koya wa baƙo yadda ya ke shayar da ƙarfe, marini ba ya faɗin yadda ya ke haɗa baba da toka, mai magani ba ya nuna saiwar da ya tono. Sana'a ta kan bi gida, uba ya ba ɗa. Kada ku zaci Turawa sun raina wannan hanya. A 1886 wani mai haɗa magani a birnin Atlanta na Amurka, John Pemberton, ya haɗa wani abin sha da ya sa wa ruwan ganyen koka da na goro. Shi ne Coca-Cola, rabin sunan ma na goro ne. Har yau masu shi ba su bayyana wa duniya yadda su ke haɗa shi ba.

Amma asiri yana da aibi biyu. In wani ya gano shi da hankalin kansa, ba ka da ƙara. In kuma mai shi ya mutu bai faɗa wa kowa ba, an binne ilmin tare da shi. Allah kaɗai ya san yawan magungunan da mu ka yi hasara ta wannan hanya.

Shinge na biyu: takardar ƙirƙira

Domin maganin wannan hasara hukumomi su ka fito da wani ciniki. Su ka ce da mai dabara, "Bayyana mana asirinka duka a rubuce, yadda duk masanin sana'ar zai iya bi ya yi. Mu kuma mu ba ka takarda, mu hana kowa ƙera abin nan ko sayar da shi ba da izninka ba, har shekara kaza. In wa'adi ya cika, ya zama na kowa." Birnin Venice na Italiya ne ya fara tsara wannan doka a 1474, da wa'adin shekara 10. Ingila ta yi tata a 1624, da shekara 14. A Nijeriya dokar 1970 ce ke aiki, wa'adinta shekara 20 daga ranar da aka kai takardar nema, ofishin rajista kuwa yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu.

Labarin keken ɗinki ya isa misali. Elias Howe na Amurka ya karɓi takardarsa a 1846, a kan keke mai allura da kafa a wajen tsini, da ƙoshiya mai kawo zare na biyu daga ƙasa. Bai sami kasuwa ba, ya sha talauci. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa keken, wanda ya fi daɗin aiki, amma ɗinkinsa a kan dabarar Howe ya ke. Howe ya kai ƙara, a 1854 shari'a ta ba shi gaskiya, dole Singer ya biya shi. Takardar Howe ta ƙare a 1867. Yau kowace ƙasa tana iya ƙera irin wannan keken ɗinki ba tare da ta biya kowa ko anini ba, shi ya sa telan Agege ke iya mallakar nasa.

Akwai sharuɗɗa biyu da ya kamata kowane malami ya haddace. Na ɗaya, dole abin ya zama sabo. In ka riga ka baza shi a jarida ko a kasuwa kafin ka kai takardar nema, ka ɓata wa kanka, gama ya riga ya zama sananne. Na biyu, bisa dokarmu wanda ya riga kai takarda shi a ke ba, ko da wani ya riga shi tunani, sai fa in an tabbatar sata ya yi. Saboda haka mai dabara ya kama bakinsa, ya kuma yi sammako.

Shinge na uku: tambarin ciniki

Wannan ma ba baƙonmu ba ne. Makiyayi ya kan yi wa dabbobinsa shaida, ɗan goro ya kan rubuta alamarsa a jikin huhu don kada nasa ya ɓace cikin na jama'a. Tambarin ciniki shi ne suna ko zane da mai kaya ke sa wa kayansa, domin mai saye ya san daga hannun wa su ka fito. Masu Coca-Cola sun yi rajistar sunan a 1893. A nan Nijeriya dokar 1965 ta ce rajista ta fari shekara 7 ce, sa'an nan a riƙa sabuntawa bayan kowace shekara 14, muddin mai shi yana so. Ga bambancinsa da takardar ƙirƙira: shi ba ya hana kowa yin irin kayanka, sunanka kawai ya ke hana a ara.

Wani zai ce wannan ai rigimar attajirai ce, ina ruwan talaka? To, talaka shi ne ya fi kowa ruwa a ciki. Mai jabu ba mai tambari kaɗai ya ke cuta ba, har da mai saye. Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna daga 2001, ta sha ba da labarin 'yar'uwarta da ta rasu a 1988 saboda allurar ciwon sukari ta jabu. Kwalba daidai, suna daidai, abin ciki babu. Haka kuma masaƙunmu. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, dubban ma'aikata su ka zauna. Dalilai suna da yawa, akwai rashin wutar lantarki da tsadar man inji, amma a cikinsu har da atamfar fasa-ƙwauri wadda aka kwaikwayi zanen masaƙun gida da tambarinsu aka buga a waje. Wanda ya biya mai zane albashi ba ya iya gasa da wanda ya ɗauki zanen a banza.

Shinge na huɗu: haƙƙin marubuci da mawaƙi

Wannan shi ne na yaron nan mai taswira. Ya shafi littattafai, da waƙoƙi, da zane, da fim, da manhajar kwamfuta. Malamanmu na dā sun san darajar rabinsa, shi ya sa mai waƙar ajami ya kan saka sunansa a baitocin ƙarshe, ya kuma ɓoye shekarar da ya yi ta cikin ramzi, don kada wani ya ce tasa ce. Amma kwafa da hannu ba ta dame su ba, lada ma su ke nema da ita. Injin ɗab'i ne ya sāke al'amarin, gama da shi mutum ɗaya na iya buga littafin wani dubu ya sayar, mai littafin yana kwana da yunwa. Ingila ta yi dokar farko a kan wannan a 1710. A 1886 ƙasashe su ka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na Suwizalan, cewa kowace za ta tsare haƙƙin marubutan 'yan'uwanta, Nijeriya kuwa ta shiga a 1993. Dokar da mu ke bi yanzu ita ce ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta maye gurbin ta 1988.

Wannan haƙƙi ba ya bukatar rajista. Da zarar ka rubuta abu naka, ko ka ɗauki muryarka, ya tabbata. Ga littafi da waƙa, yana nan duk tsawon ran mai shi, da shekara 70 bayan mutuwarsa. Ga lissafi mai sauƙi da za ku iya ba 'yan aji shida. Alhaji Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya rasu a 1981. Ku ƙara 70, ku ga ba za a saki littattafansa kowa ya buga yadda ya ga dama ba sai bayan ƙarshen 2051.

A lura kuma, dokar nan ba ta hana ɗaukar ra'ayi, siffar da aka zuba ra'ayin a ciki ita ta ke tsarewa. Kowane yaro a ajina yana da ikon zana taswirar hanyar makaranta, ba wanda ya mallaki wannan. Abin da ba shi da iko shi ne ya kwafe layukan ɗan'uwansa ɗaya bayan ɗaya ya sa sunansa.

Me ya sa shingen ke da wa'adi da ƙofa?

Kada mai karatu ya zaci ina cewa duk yadda shinge ya yi tsawo haka ya fi kyau. Ba wanda ya ƙago abu daga iska. Howe ya tarar da allura da zare, Pemberton ya tarar da goron da kakanninmu ke ci tun kafin a san da Amurka, bai kuwa biya kowa ladan wannan sani ba. In aka bar mai dabara ya riƙe har abada, na bayansa ba su da abin ɗorawa a kai. In kuma abin na ceton rai ne, tsawon shinge na iya zama kabari.

An ga haka a zamanin da cutar ƙanjamau ta addabi Afirka. Magungunan da ke riƙe ran mai ita suna ƙarƙashin takardun ƙirƙira, kuɗinsu na shekara ɗaya ya wuce dala 10,000 ga mutum guda. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da irinsu dala 350 a shekara, watau ƙasa da dala ɗaya a yini. A cikin Nuwamba na wannan shekara ƙasashen duniya su ka taru a Doha su ka tabbatar cewa in lafiyar jama'a ta bukata, gwamnati tana da ikon ba wani izni ya yi magani ko mai takarda bai yarda ba, a biya shi abin da ya dace. Akwai kuma waɗanda su ka bar ƙofa a buɗe da kansu. Jonas Salk, wanda allurarsa ta rigakafin shan inna ta fito a 1955, bai karɓi takarda a kanta ba, haka Albert Sabin mai maganin da a ke ɗiga wa yara a baki. A cikin Agusta 2020 aka shaida cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Nijeriya da Afirka duka.

Ashe ke nan dokar ma'auni ce mai kwano biyu. A ɗaya akwai guminka, a ɗaya akwai bukatar jama'a. In ɗaya ya rinjaya ƙwarai, an yi zalunci.

Namu na gida

Kada kuma a ce ƙirƙira sai Bature. Mohammed Bah Abba malamin makaranta ne irinmu, a Jihar Jigawa, daga zuriyar magina tukwane. Ya ga yadda kayan lambu ke ruɓe wa manoma don babu firiji, babu lantarki. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, bushewar nan kuwa tana tafiya da zafin ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex da dala 75,000, ya sa kuɗin wajen yaɗa tukwanen a ƙauyuka. Da kaya su ka daina saurin ruɓewa, 'yan mata da yawa su ka huta da tallar dole ta kowace rana, su ka sami sararin zuwa makaranta. In za ku gwada wa yara, ku sani tukunyar ta fi aiki inda iska ke bushe kamar Arewa. A nan Ikko iska jiƙe ta ke, sanyin ba ya kai can. Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa, ba kuwa wanda zai iya rajistar wannan. Abin da malamin ya yi shi ne ya dubi abin da kowa ke gani ya tambayi kansa me kuma zai iya yi.

Na biyu darasi ne mai daɗi da ɗaci. Wani limamin coci a ƙasar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, yana da maganin gargajiya na ciwon sikila. Ya yarda ya buɗe asirinsa ga cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja, bisa yarjejeniya a rubuce. Aka gwada, aka daidaita haɗin, wanda a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, aka sa masa suna Niprisan. A 1998 aka karɓi takardar ƙirƙira a Amurka, da sunan limamin cikin waɗanda su ka ƙago. Wannan abin koyi ne, gama sau da yawa mai ilmin gargajiya ba a ko ambatonsa. A 2002 aka ba kamfanin Xechem iznin yin maganin, ya fito kasuwa a 2006, amma a 2008 kamfanin ya karye, magani ya yi wuyar samu. Takarda ita kaɗai ba ta cika rumbu, sai an haɗa da jari da riƙon amana.

Na uku daga 'yan'uwanmu na Nijar ne. Albasar Galmi, a jihar Tawa, ta yi suna a Afirka ta Yamma duka, manoman wurin kuwa su ne su ka yi ta zaɓen irinta shekara da shekaru. Sai wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya nemi ƙungiyar OAPI, wadda ke rajistar irin waɗannan haƙƙoƙi ga ƙasashen Afirka masu yawa daga birnin Yawunde, ta rubuta masa irin da sunansa. A 2009 manoma da ƙungiyoyinsu su ka tashi tsaye su ka ƙi, kamfanin ya janye daga sunan. Nijar ba ta tsaya nan ba, ta bi sawu har aka yi rajistar albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu, aka miƙa mata takardun a 2023. Ku gwada wannan da burodinmu. A ko'ina cikin Nijeriya, har Landan, a kan gasa burodi a kira shi na Agege, ba kuwa wanda zai hana. Sunan ya yi tafiya, ya bar masu shi a gida.

Abin da ya rage gare mu malamai

To, 'yan'uwa, ina namu aikin? Na ga abu huɗu.

Da fari mu gyara kanmu. Doka ta yarda malami ya ɗauki ɗan yanki daga littafi domin koyarwa, ko ɗalibi domin nazarinsa, muddin an yi adalci an kuma ambaci mai shi. Ba ta yarda a kwafe littafi sukutum a ɗinke a sayar ba. Malamin da ya kwashe aikin wani ya sa sunansa ya sayar wa ɗalibai, da wane baki zai tsawata wa yaro mai satar amsa?

Na biyu, mu saba wa yara da sa suna da kwanan wata a kan duk abin da su ka yi, zane ne ko waƙa ko motar gwangwani, mu kuma saba musu da cewa, "Wannan daga wane na samo shi." Yaron da ya saba da haka tun yana aji uku ba zai ji nauyinsa ba ran da ya girma.

Na uku, mu rubuta ilmin tsofaffinmu da yardarsu, da sunansu, da sunan garinsu. Tun 1988 dokarmu ta hana a kwashi tatsuniyoyi da waƙoƙi da zane-zanen gargajiya a yi kasuwanci da su a waje da al'ada sai da iznin hukumar kula da haƙƙin mallaka. Amma abin da ba a rubuta ba wuyar karewa gare shi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, mu kai maganar gida. A Agege akwai maƙera masu gyara injin niƙa ya fi yadda ya zo, akwai masu haɗa yajin tsire, akwai masu ɗinkin hula da zanen da ba na kowa ba. Yawancinsu ba su taɓa jin cewa a kan yi rajistar suna ko dabara ba. Malamin makaranta shi ne mai karanta wa unguwa takarda. In ya san bambancin shingayen nan huɗu, zai iya ce wa mai yaji ya riƙe asirinsa ya yi rajistar sunansa, ya ce wa maƙeri kada ya nuna sabon injinsa a kasuwa sai ya nemi shawarar lauya.

Yaran nan biyu kuwa, ga yadda mu ka ƙare. Na sa mai kwafa ya rubuta sunan ɗan'uwansa a ƙasan takardarsa, sa'an nan na ba shi sabuwar takarda na ce ya zana tasa hanyar. Ya yi ta gogewa har aka tashi. Kashegari ya kawo ta, a karkace, amma ga hanyar jirgi, ga masallaci, ga rumfar mai shayi, ga gidansu a inda ya ke. Da na ɗaga ta zan nuna wa aji, sai na ga ya rubuta sunansa a kusurwa da manyan baƙaƙe, ya kuma ja masa layi biyu.

Allah ya ba mu ikon ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin.